Sandararren Jiki da Juyin Duniya: Tarihin Wani Zato Daga Euler Zuwa Chandler

Taƙaitawa

Wannan ƙasida tana bin diddigin yadda masana lissafi na Turai suka ƙago tunanin «sandararren jiki» a ƙarni na 18 domin su fahimci juyin duniya, da yadda awon taurari ya nuna a ƙarshen ƙarni na 19 cewa duniya ba ta cika wannan sharaɗi ba. Ra'ayin da muke karewa shi ne, saɓanin da aka samu tsakanin lissafi da awo ya yi wa ilimi amfani daidai da wuraren da suka dace da juna.

1. Gabatarwa

Ɗalibin da ya shiga ajin fizik a shekarunsa na farko a jami'a yakan tarar da babi a kan motsin sandararren jiki. Ana ba shi ma'anarsa cikin layi ɗaya: jiki ne wanda nisan da ke tsakanin kowane ɗigo biyu na cikinsa ba ya canzawa, ko yaya aka matsa shi, ko yaya ya juya. Daga nan sai a shiga lissafi. Littattafan karatu ba su cika tsayawa su faɗi cewa babu irin wannan jiki a duniya ba. Ƙarfe yana lanƙwasa, dutse yana matsuwa, ko da ƴar kaɗan ce. Zato ne da masana suka ƙaga saboda wata buƙata, kuma tarihin wannan buƙata shi ne abin da za mu duba a nan.

Da farko ya kamata mu daidaita kalmomi, kuma mazarin kaɗi ya ishe mu misali. Idan mai kaɗa auduga ta murza mazari, yana juyawa bisa tsininsa. Layin da ya ratsa shi daga kai zuwa tsini muna kiransa «layin juyi». Gululun yumɓu da ake sa masa yana ƙara wuyar tayar da juyin, yana kuma ƙara wuyar tsayar da shi. Wannan shi ne «nauyin juyi», wanda ya dogara ga yawan nauyin abu da kuma nisan wannan nauyi daga layin juyi. In mazari ya ɗan karkata ba ya faɗuwa nan take, sai kansa ya riƙa zana da'ira sannu a hankali. Wannan muna kiransa «rangaji», wato précession da Faransanci. Cikin rangajin kuma kan nasa yakan ɗan sunkuya ya ɗago. Mun sa wa wannan suna «gyaɗa-kai», wato nutation.

2. Matsalar da taurari suka kawo

Tun wajen shekara ta 130 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin taurari Bagirke Hipparchus ya gwada awonsa da na magabatansa, ya ga wuraren taurari suna gusawa kaɗan-kaɗan idan aka auna su daga inda rana take ranar da dare da yini suke daidaita. Ptolemy ya ƙiyasta gusawar digiri 1 cikin shekara 100. Al-Battani, wanda ya yi aiki a Raƙƙa ya rasu a 929, ya gyara ta zuwa digiri 1 cikin shekara 66. Awon yau ya ba da digiri 1 cikin kusan shekara 72, ke nan zagaye ɗaya yana cin kusan shekara 25 800. Ma'anar wannan ita ce, layin juyin duniya yana rangaji kamar na mazari. Shi ya sa tauraron da ke nuna arewa a yau ba shi ne yake nuna ta ba zamanin da ake gina manyan dalolin Masar. A lokacin tauraron Thuban ne.

Newton ne ya fara kawo dalili, a littafinsa Principia na 1687. Ya ce juyi ya sa duniya ta kumbura a tsakiyarta, kuma tun da layin juyinta a karkace yake da kimanin digiri 23,4, rana da wata suna jan wannan kumburi suna neman miƙe layin. Tawagar Maupertuis da ta je Lapland a 1736-1737 ta tabbatar da kumburin. A yau an san nisan da ke tsakanin cibiyar duniya da layin tsakiyarta ya fi nisan cibiya da turken arewa da kusan kilomita 21.

Sai dai dokokin Newton a kan ɗigo mai nauyi aka tsara su, duniya kuwa ba ɗigo ba ce. Don ya kauce wa wannan, sai ya ɗauki kumburin kamar zoben ƙananan watanni da ke kewaye duniya, sannan ya ɗora sakamakon a kan dukan jikinta. Adadin da ya samu ya yi kusa da na awo, amma masu lissafi na baya sun nuna wasu matakan hujjar ba su tsaya da ƙafafunsu ba. Huygens ya riga ya warware matsalar jiki mai lilo bisa layi kafaffe tun 1673. Abin da ba a iya ba shi ne lissafin jikin da layin juyinsa shi kansa yake motsi.

Matsalar ta ƙara tsanani a 1748, lokacin da James Bradley na Ingila ya sanar, bayan ya share shekara 20 yana awo, cewa layin duniya yana gyaɗa kai da kimanin sakan 9 na kusurwa, zango ɗaya cikin shekara 18,6. (Digiri 1 yana da sakan 3600.) A 1749 d'Alembert ya buga littafi a Faris inda ya fitar da rangaji da gyaɗa-kai duka biyu daga jan rana da wata, yana ɗaukar duniya jiki guda da ba ya sake siffa. Hanyar da ya bi tana da wuyar bi ƙwarai, kuma domin duniya kaɗai ya tsara ta.

3. Euler da kafa ginshiƙin fannin

Leonhard Euler, haifaffen Basel a 1707, yana Akademin Kimiyya ta Barlin a wannan lokaci. Ya riga ya yi fama da juyi a littafinsa kan jiragen ruwa, Scientia navalis, wanda ya fito a 1749, domin jirgi yana karkata gefe da gefe, yana sunkuyawa gaba da baya, yana kuma juya hanci. Bayan aikin d'Alembert, sai ya gabatar wa Akademi wata takarda a 1750, aka buga ta a 1752. A cikinta ya ce a raba jiki zuwa ƙananan gutsattsari marasa iyaka, a ɗora dokar Newton a kan kowane gutsure ta fuska uku, sannan a tara. A nan ne zaton sandarewa ya yi aikinsa: tun da gutsattsarin ba sa gusawa daga juna, ba sai an san ƙarfin da ke riƙe da su ba. Jikin da ke da ɗigo marasa ƙidaya sai ya zama lamba shida sun isa a faɗi halinsa, uku su nuna inda cibiyar nauyinsa take, uku su nuna yadda ya fuskanta.

A 1755 Johann Segner, malami a Halle, ya nuna cewa kowane jiki, ko yaya siffarsa take, yana da layuka uku masu giciye da juna waɗanda zai iya juyawa bisa kowanensu ba tare da layin ya kauce ba. Su ne «manyan layukan juyi», kowane da nauyin juyinsa, waɗanda ake rubutawa A, B da C. Euler ya ga amfanin wannan. A wata takarda ta 1758 ya daina auna motsi daga layukan da ke kafe a sarari, ya koma auna shi daga waɗannan layuka uku da ke tafiya tare da jikin. Da haka A, B da C suka zama lambobi tsayayyu, lissafin kuma ya taƙaita zuwa jumloli uku da har yau ake kira da sunansa. Ya tattara aikin duka a littafinsa Theoria motus corporum solidorum seu rigidorum na 1765.

Cikin sakamakon da Euler ya fitar akwai wanda za a iya gwadawa da awo. In layin da duniya ke juyawa a kansa bai yi daidai cif da layin siffarta ba, to turken juyi zai riƙa kewaya turken siffa a bisa doron ƙasa, ba tare da hannun rana ko wata ba. Za mu kira wannan «tangaɗi», don mu bambanta shi da rangaji. Tsawon zangonsa ya dogara ga bambancin C da A kawai. Da aka sa adadin da rangaji ya bayar, wato bambancin kashi 1 cikin 305, sai lissafi ya ba da kwana 305, kimanin wata goma. Wannan shi ake kira zangon Euler.

4. Inda lissafi ya kai da inda ya tsaya

Rubuta jumlolin juyi bai zama warware su ba. Ga jiki mai nauyi da ke juyawa bisa ɗigo kafaffe, ana buƙatar adadi huɗu da ba sa canzawa cikin motsi kafin a iya rubuta amsa cikakkiya. Uku suna nan a kowane hali. Na huɗu ne ke wuyar samu. Euler ya same shi a halin da aka tallafi jiki daidai a cibiyar nauyinsa. Lagrange, a littafinsa Mécanique analytique na 1788, wanda babu zane ko ɗaya a cikinsa, ya same shi a halin da A da B suke daidai kuma cibiyar nauyi tana bisa layin tsakiya. Wannan shi ne halin mazari.

Louis Poinsot bai gamsu da lissafin da ba ya nuna wa ido yadda jiki ke motsi ba. A 1834 ya bayyana halin Euler da hoto: wata siffa mai kama da ƙwai, a manne da jikin, tana gangarawa bisa wani faifai kafaffe ba tare da zamewa ba. Daga wannan hoto ana ganin wani abu da kowa zai iya gwadawa da kwalin ashana. A jefa shi sama yana juyawa bisa layinsa mai nauyin juyi mafi yawa, ko mafi ƙaranci, zai dawo yadda ya tafi. A jefa shi bisa layi na tsakiya, sai ya birkice a iska. Ga sandararren jiki ke nan, layuka biyu suna da natsuwa, ɗaya ba shi da ita. Za mu koma kan wannan a sashe na 6.

A Faris kuma Léon Foucault ya fitar da batun daga takarda zuwa ƙarfe. A 1851 ya rataye lilo mai tsawon mita 67 a Panthéon, jama'a suka ga fuskar lilon tana juyawa saboda juyin duniya. Wannan gwaji ya dogara ga latitid, wato nisan wuri daga layin tsakiyar duniya: a Faris zagaye ɗaya yana cin kusan awa 32, a Yamai ko Maraɗi zai ci fiye da awa 100, a kan layin tsakiya kuwa fuskar ba ta juyawa sam. Don haka a 1852 ya ƙera wata ƙafa mai nauyi da ke juyawa da sauri cikin zobba, wadda layinta ke riƙe fuskarsa duniya tana juyawa a ƙarƙashinta. Shi ya raɗa mata suna jiroskop.

Hali na uku ya jira shekara ɗari bayan Lagrange. Sofya Kovalevskaya, haifaffiyar Mosko a 1850, ta yi karatu wajen Weierstrass a gida domin jami'ar Barlin ba ta karɓar mata, ta samu digirin dakta daga Göttingen a 1874. Maimakon ta nemi adadi na huɗu da laluben hannu, sai ta tambayi wane irin jiki ne amsarsa za ta kasance mai tsari idan aka ɗauki lokaci a matsayin lamba mai sassa biyu, irin wadda ake kira complexe. Amsa ta fito: halin Euler, halin Lagrange, da wani sabo inda A da B suke daidai, kowanensu ya ninka C sau biyu, cibiyar nauyi kuma tana cikin faifan layukan A da B. A Disamba 1888 Akademin Kimiyya ta Faris ta ba ta kyautar Bordin, aka ƙara kuɗin daga faran 3000 zuwa 5000 saboda darajar aikin. A 1889 ta zama farfesa a Istokholm, ta rasu a 1891. Ayyukan da suka biyo baya, daga na Husson a 1906 zuwa na Ziglin a farkon shekarun 1980, sun tabbatar babu hali na huɗu mai irin wannan cikakkiyar amsa. Ko cikin duniyar zato ke nan, yawancin jikuna ba a rubuta motsinsu da jumla ɗaya. Sai dai a bi shi taki-taki, aikin da kwamfuta ke yi a yau.

5. Kwana 305 da kwana 427

Mu dawo ga duniya. In turke yana tangaɗi, dole latitid na kowane gari ya riƙa hawa da sauka kaɗan. Tun shekarun 1840 masu duban taurari, musamman a Pulkovo ta Rasha, suka riƙa neman wannan canji. Tun da sun amince da zangon Euler, sai suka riƙa tace awonsu suna neman abin da ke maimaituwa duk kwana 305. Ba su sami abin kirki ba, da yawa kuma suka ɗauka tangaɗin ya yi ƙanƙanta da a gan shi. A nan zaton ya zama shamaki: an nemi amsa a inda lissafi ya nuna kawai.

A 1888 Friedrich Küstner ya sanar cewa awon da ya yi a Barlin a 1884-1885 ya nuna latitid ɗin gidan duban taurarin ya canza da kimanin kashi biyu cikin goma na sakan, abin da ya yi daidai da mita 6 a ƙasa. Don a tabbatar ba kuskuren na'ura ba ne ko na iska, aka aika tawaga zuwa Honolulu a 1891-1892, kusan ɗaya gefen duniya daga Barlin. Sai aka ga duk lokacin da latitid ya hau a Barlin yana sauka a Honolulu. Turken ne ke motsi.

Wanda ya gano zangon shi ne Seth Carlo Chandler, Ba'amurke da ya daɗe yana aikin ƙididdiga a kamfanonin inshora. Ya tattara awon da ya yi da kansa da tsofaffin awo har zuwa na Bradley, ya bar lambobi su nuna zangonsu ba tare da ya ɗora musu kwana 305 ba. A 1891 ya sanar da zango na kwana 427, kimanin wata goma sha huɗu, a 1892 kuma ya ƙara da wani na shekara guda da ke haɗe da shi. Awon yau ya sa na farko wajen kwana 433.

Da farko an yi shakkar sakamakon, tun da ya saɓa wa lissafin da ba a ga aibi a cikinsa ba. Simon Newcomb ne ya warware rikicin a 1891-1892. Jumlolin Euler daidai suke, sharaɗinsu ne bai cika ba. Idan layin juyi ya gusa, tekuna suna bin sa, duwatsun cikin ƙasa ma suna ɗan ba da kai, wani ɓangare na kumburin tsakiya yana komawa inda sabon layin yake. Da haka kumburin da ke tafiyar da tangaɗin yake raguwa, zangon kuma ya tsawaita. Bambancin kwana 120 da ɗoriya sai ya zama ma'auni. A 1896 Hough ya yi amfani da shi ya ƙiyasta cewa duniya gaba ɗayanta tana da tauri kusa da na baƙin ƙarfe mai ƙwari, abin da ya dace da hujjar da Kelvin ya kawo tun shekarun 1860 daga hawa da saukar teku.

A 1899 aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa ta awon latitid, da tashoshi shida a kan layi ɗaya, digiri 39 da minti 8 arewa: Mizusawa a Japan, Charjui a Turkistan, Carloforte a Italiya, da Gaithersburg, Cincinnati da Ukiah a Amurka. Tun 1988 hukumar IERS ce ta gaji aikin. Wata tambaya ta daɗe ba amsa: jiki mai ba da kai yana cinye ƙarfin tangaɗi, to me ya hana shi mutuwa? A shekara ta 2000 Richard Gross ya nuna, bisa awon 1985-1996, cewa canjin matsin ruwa a ƙarƙashin tekuna shi ne babban mai ingiza shi, canjin matsin iska yana biye.

6. Darasin da aka sake koya a 1958

Ranar 31 ga Janairu 1958 Amurka ta harba tauraronta na farko, Explorer 1. Siffarsa kamar alƙalami ce, tsawonsa kusan mita 2, an sa shi yana juyawa bisa dogon layinsa sau 750 a minti ɗaya. Wannan shi ne layi mai nauyin juyi mafi ƙaranci, kuma bisa ƙa'idar sashe na 4 yana da natsuwa. Jim kaɗan bayan harbawa sai tauraron ya koma yana wuntsila kai da gindi.

Dalilin shi ne wayoyin eriya huɗu masu laushi da ke jikinsa. A sararin sama babu abin da ke murɗa tauraron daga waje, don haka «jarin juyinsa», wato nauyin juyi a ninka da saurin juyi, ba ya canzawa. Amma wayoyin suna lanƙwasa suna miƙewa, suna mayar da makamashin motsi zafi. Jikin da jarinsa ke tsaye makamashinsa yana raguwa, dole ya gangara zuwa halin da ke buƙatar makamashi mafi ƙaranci, wato juyi bisa layi mai nauyin juyi mafi yawa. Bracewell da Garriott sun buga wannan bayani a shekarar. Ga jiki na haƙiƙa ke nan, layi ɗaya tak ke da natsuwa mai ɗorewa. Tun daga nan injiniyoyi ke kiyaye wannan ƙa'ida wajen gina taurarin da juyi ke riƙe da fuskarsu. Taurarin Meteosat na zubi na farko da na biyu, waɗanda tun 1977 suka riƙa aiko hotunan gajimaren Afirka, cibiyar AGRHYMET ta Yamai tana cikin masu aiki da su, irin waɗannan ne: suna juyawa sau 100 a minti ɗaya.

7. Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna zaton sandararren jiki ya yi aiki iri uku. Ya ba d'Alembert da Euler hanyar lissafa rangaji da gyaɗa-kai, waɗanda suka dace da awo. Ya rufe idon masu duban taurari kusan shekara hamsin, saboda sun manta cewa kwana 305 yana rataye ne da wani sharaɗi. Daga ƙarshe, da aka tuna da sharaɗin, tazarar da ke tsakanin 305 da 427 ta faɗi wani abu game da cikin ƙasa wanda babu rijiyar da za ta kai a gani. Da babu lamba tsayayya daga Euler, da lambar Chandler ba ta da abin da za a gwada ta da shi.

Shawararmu ga malaman fizik na lise da na jami'a ita ce, duk lokacin da aka rubuta ma'anar sandararren jiki a allo, a rubuta kusa da ita misali ɗaya inda ta yi aiki da misali ɗaya inda ta kasa. Rangajin duniya da tangaɗinta sun isa, kuma ana iya gabatar da su biyun cikin darasi guda da mazari da kwalin ashana.